Muryar Baba Rediyo a Cikin Gem

Babanmu sana'arsa gyaran kujeru. Ba ɓangaren katako ba, wannan na kafinta ne. Shi nasa soso da yadi. Za a kawo masa kujerar da ta lotsa, wadda in ka zauna ƙarfen cikinta ke gaishe ka, ya farke ta, ya kwashe tsohon soson da ya zama gari, ya yanko sabo da doguwar wuƙarsa, ya shafa gam, ya ja yadi ya ɗame shi tamau. Shagonsa dogo ne siriri, ƙofa ɗaya, sai wata 'yar taga can sama kusa da rufi. Da hantsi rana kan leƙo ta tagar, ka ga ɓurɓushin soso yana yawo a cikin hasken a hankali, kamar ba shi da niyyar sauka ƙasa.

Sai dai ba wanda ke ce masa mai kujeru. Baba Rediyo ake kiransa, daga bakin titi har ƙarshen layinmu, saboda bakinsa ba ya hutawa da sharhin ƙwallo. Ba sai ana wasa ba. Hannunsa na aiki, idonsa na kan yadi, shi kuwa yana can wani fili da ba mai gani sai shi. “Ya karɓa, ya juya, ya duba hagu bai ga kowa ba, ya ce to bari in tafi da kaina...” Muryar tana da kauri, tana da sanyi, ba ta sauri sai an kusa raga. In aka zo nan sai ta ɓalle kamar an buɗe famfo, mai wucewa ya tsaya cak yana jira ya ji ko ta shiga.

Komai ma sharhi yake yi masa. Tattabaru na faɗa a kan wayar lantarki, sharhi. Mama ta biyo kyanwa da tsintsiya, sharhi: “Ta kai mata hari ta dama, kyanwa ta zille, alƙali bai ga komai ba!” Mama ta ce, “Kai da alƙalin naka ku zo ku ga abin da ta yi mini a kicin.” Muna yara in muna cin abinci a kwano ɗaya, shi ke faɗin wanda ya fara kai hannu ga nama da wanda ya yi satar gida, mu yi ta dariya har abincin ya huce.

Mama ce ta ba ni labarin da shi ba ya son bayarwa. Yana saurayi gidan rediyo suka yi cigiyar masu sharhi, ya ari takalmin abokinsa ya je. Aka sa shi a wani ɗaki mai lallausan bango, gilashi a gabansa, aka ce ya yi sharhin wasan da ya ga dama. Ya rufe ido ya yi. Mutumin da ke bayan gilashin ya cire abin kunnensa yana murmushi, ya ce ya dawo a gwada shi a fili. Kafin ranar ta zo kakanmu ya kwanta ciwo, shago da ƙanne suka dawo wuyan Baba. Bai koma ba. Har ya tsufa bai taɓa shiga babban filin wasa ba. Na taɓa tambayarsa, ya daɗe yana murje busasshen gam daga yatsunsa, sannan ya ce, “Uwata,” haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, “ɗakin nan in ka yi magana a cikinsa, maganar ba ta dawo maka. Tafiya take yi.”

Na girma na auri Injiniya. Ba makarantar injiniyoyi ya yi ba, masu kawo masa gyara ne suka laƙaba masa sunan. Yana da shago a wata doguwar rumfa ta masu kayan lantarki, yana gyaran na'urar gem, wannan da ake haɗawa da talabijin a riƙe abin dannawa a buga ƙwallo ko tseren mota. Amma ba gyaran ke riƙe da gidanmu ba. Abin da ke kawo ciniki shi ne lodi: ya buɗe na'urar, ya yi mata 'yan dabaru, ya zuba mata kwafin wasanni iri-iri a kan kuɗi kaɗan. Kowa ya san ba da izinin kamfani ba ne. Kowa kuma yana zuwa.

Jikin shagonsa akwai na wani dattijo da ake kira Mai Kwali. Shi gem na asali yake sayarwa, kowane faifai a kwalinsa, da ledarsa mai ƙyalli, a jere cikin gilashi. Guda ɗaya kuɗinsa ya isa cefanen gida na kwana da kwanaki. Mutane kan tsaya su kalla, su tambayi farashi, su yi ajiyar zuciya, su gusa kaɗan su shige wurin Injiniya. Duk da haka tare su biyun suke shan shayi kullum, kuma musunsu ɗaya ne, ba ya canzawa.

Mai Kwali ya ce, “Ku kuka sa abin nan tsada. Mutum ɗaya ya saya, ɗari su kwafa. To kamfani a wuyan wa zai fanshe? A wuyan ɗayan nan.”

Injiniya ya ce, “Ranka ya daɗe, tsadar ce ta haife mu, ba mu muka haife ta ba. Ka sauke farashi yau, gobe in koma gyaran fanka.”

“Ku daina tukuna, ka ga in bai sauka ba.”

“Ya sauka tukuna, ka ga in ba mu daina ba.”

Sai kowa ya kurɓi shayinsa. Na sha kai wa Injiniya abincin rana in tarar da su a daidai wannan gaɓar, kamar faifan da ya maƙale.

Gem ɗin da aka fi nema na ƙwallo ne, kuma akwai mai sharhi a cikinsa, da wani harshe da yawancin masu bugawa ba sa ji. Wata rana Injiniya ya raka ni gida gaishe da su Mama. Muka biya ta shagon Baba, Injiniya ya durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda ya saba, kansa a ƙasa. Baba bai gan mu ba, ya ba mu baya yana ɗame wata kujera, yana tsakiyar wasa. Injiniya ya jira a durƙushe har aka ci ƙwallon, sannan ya yi gaisuwa. Sai da muka koma gidanmu ya ce, “Muryar cikin gem ɗin nan guntu-guntu take a ajiye, kowace magana da lokacin da take fita. Zan iya cire ta in sa wata.” Na ce to. Ya ce, “Ke za ki yi wa Baba maganar. Ni bakina ba zai iya ba.”

Na je na yi. Baba ya ce, “Gam? Ni da nake shafa shi kullum, yanzu kuma a cikinsa za a sa ni?” Na ce gem, Baba, ba gam ba. Na yi ta bayani, yana saurare yana kallon tagar nan ta sama. Can ya ce, “Za a sa mini abin kunne?” Na ce za a sa. Ya ce, “To ki ce wa Malam Injiniya ya zo.”

A ƙuryar shagon Baba suka yi ɗakin ɗaukar muryar. Baba da kansa ya jera manyan fallayen soso suka zama bango, ya rufe sama da katifa, ya bar 'yar kafa ta shigar waya. Ranakun hutu suke yi, da safe, kafin titi ya cika da ƙara. Baba ya shiga da makirufo, Injiniya ya zauna a waje a kan kujerar da ba a gama ba, kwamfuta a cinya. Abin ya yi musu daidai: suruki da suruki, soso a tsakani, ba mai kallon idon wani.

Da farko bai yiwu ba. Injiniya yana so a riƙa faɗin magana ɗaya-ɗaya, “ya buga”, “ta fita”, “bugun kusurwa”, kowace a maimaita ta. Baba ya gwada, muryar ta fito a bushe kamar ta mai karanta sanarwa. Ya leƙo da kai ya ce mini, “Uwata, gaya masa ba a cewa ya buga alhali ba wanda ya buga.” Sai Injiniya ya ce a bar shi ya yi yadda ya saba, shi zai yanyanka daga baya.

Ni ke kai musu ruwa, don haka na ji da yawa. Daga cikin soson nan muryar kan fito ƙasa-ƙasa, kamar daga ƙarƙashin kogi. A filin Baba kullum yanzu aka ɗauke ruwan sama, ciyawa na ƙyalli, an kunna fitilu tun rana ba ta faɗi ba. Akwai wata tsohuwa cikin 'yan kallo mai jar lema, ba ta taɓa zama ba. Akwai iskar da ke tasowa daga bayan raga ta ɗauke ƙwallo ta kai ta inda ba a aike ta ba. 'Yan wasan kuwa bai san sunan ko ɗaya ba, sai ya raɗa musu nasa: Dogon Baya, Ɗan Hagu, Mai Gemu, Marowaci wanda ba ya ba kowa ƙwallo, da wani gola da yake kira Maigadi. In ya fito, gumi ya jiƙe masa riga, ɓurɓushin soso a gashinsa da girarsa, idonsa kamar na wanda aka tasa daga barci mai daɗi. Yakan ɗan tsaya yana duban shagon, kamar yana ƙoƙarin tuna inda yake.

Injiniya ya yi watanni yana yanka yana dasawa. Ya bi fitattun 'yan wasan cikin gem ɗin ya liƙa wa kowa laƙabin da ya dace da shi. Ranar da ya gama ya gayyato su Baba falonmu ya kunna. Wani ɗan wasa ya ɗaga ƙwallo ta wuce can saman raga, sai ga muryar Baba daga talabijin: “Wannan kuma tsuntsaye ya aika wa saƙo.” Mama ta dafe ƙirji ta ce, “Na shiga uku, yanzu har a talabijin ba zan huta ba?” Baba bai yi dariya ba. Ya matso bakin kujera, ya tallafe haɓa, yana sauraren kansa kamar baƙon da ya daɗe yana jin labarinsa.

Injiniya ya sa wa wasan suna gem mai Baba, ya ɗora ɗan ƙari a kan kuɗin lodi, ya ce rabin ƙarin na Baba ne. A makonnin farko layi har gaban gilashin Mai Kwali. Daga nan layin ya fara raguwa, muryar kuwa ta fara yawa a gari. Duk wanda aka loda wa sai abokinsa ya kwafa, abokin ya kai wa mai shagon unguwarsu, mai shagon ya sayar a rabin kuɗi.

Baba ya fara jin kansa a hanya. Zai ɗora kujera a bayan motar kaya, ya hau ya zauna a kanta don kai wa mai ita. Motar na tafe a hankali cikin cunkoso, sai ya ji daga wata taga a bene, “Ɗan Hagu ya taso, Ɗan Hagu ya taso!” Kafin wannan ta ɓace wata ta karɓa daga shagon aski: “Maigadi ya yi barci!” Gaba kaɗan gidan gem, ɗaki cike da talabijin, Baba barkatai suna magana lokaci guda, wani na murna wani na jaje. Ya ce mini ranar ji ya yi kamar garin ne ke mafarkinsa, shi kuma yana ratsawa ta cikin mafarkin a kan kujerar mutane. Ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi. Wani tsoho ne kawai da kaya a bayan mota.

Har garin da ƙanwarsa ke aure, mai nisan gaske, ya je dubiya ya tarar da masu ƙwallo a wani fili suna ce wa ɗayansu Marowaci. Ya tsaya a gefe, bakinsa ya kasa haƙuri, ya ɗan saki sharhi. Wani mai sayar da ruwa ya juyo ya ce, “Kai, tsohon nan ya iya kwaikwayon Baba! Saura kaɗan ka yi kamarsa.” Baba ya ce ya gode, zai ƙara ƙoƙari.

Injiniya kuwa abin ya tsaya masa a rai, har abinci ya rage ci. “Wata nawa na yi a kan abin nan? Idona har ciwo yake. Mutum ya zo da 'yar filashinsa ta kwafa, kafin ka sha ruwa ya kwashe.” Da suka yi sabon zubi mai sababbin maganganu, sai ya ninka kuɗin. Na ce ba ya ganin ya yi yawa? Ya ce, “Duk wanda na sayar wa, ɗari na sayar wa. Dole na farkon ya biya na sauran.”

Da ya faɗi haka a wurin shayi, Mai Kwali ya ajiye kofinsa ya yi dariya har da tari. “Maimaita, Injiniya. A wuyan wa za ka fanshe?” Injiniya ya ce nasa daban ne, shi talaka ne, kamfani kuwa ba su ma san yana duniya ba. Mai Kwali ya ce, “Talaka da mai kuɗi, yau dai na ji bakinku ya zo ɗaya.”

Labari ya kai kunnen Baba. Bai ce wa surukinsa komai ba, ni ya tsayar wata rana da na leƙa shagonsa. “Uwata, filin nan da 'yan wasan da ke gudu a cikinsa, wa ya zana su?” Na ce wasu ne can a wata ƙasa. “Suna da 'ya'ya?” Na ce wataƙila. “Su ma idonsu na ciwo?” Bai jira amsa ba. Ya ce, “Ba faɗa nake ba. Tunani kawai nake. Na shiga gidan mutane ban yi sallama ba, na zauna ina ta surutu. Yanzu wasu sun shigo namu.” Ya ɗan yi murmushi. “Ki ce masa ya bar zancen rabona. Ni an biya ni a bayan mota.”

Ƙarin kuɗin bai yi amfani ba. Masu saye suka ƙara raguwa, kowa ya zauna jiran wanda zai fara saya a kwafa a wurinsa. Injiniya ya sa lambar sirri, wani a ƙarshen rumfar ya fasa ta tun shayin nasara bai huce ba. Ya sauke kuɗin ƙasa da na farko, mutane suka ɗan dawo, wasu ma suna cewa sun fi so su karɓa daga hannun mai shi. Amma ba su kai yawan da zai ce wahalarsa ta biya ba. A ƙarshe ya gaji, ya koma loda shi kyauta ga duk wanda ya kawo gyara.

Shekaru suka shuɗe. Aka fito da sababbin na'urori, waɗanda dabarun su Injiniya suka kasa. Ya buɗe ɗaya, ya juya ta, ya leƙa, ya mayar ya rufe. Masu lodi a rumfar suka watse ɗaya bayan ɗaya, wani ya koma sayar da caja, wani gilashin waya. Injiniya ya koma gyara zalla, har da fanka da dutsen guga. Wata rana ya leƙa gilashin Mai Kwali ya ce, “Ranka ya daɗe, ga shi mun daina. Yaushe za a sauke?” Don kuɗin faifan asali a wurinsa hawa ma ya yi. Mai Kwali ya sosa ƙeya ya ce yanzu kuɗin jirgi ne, da canji, kuma wasannin sun ƙara girma, taron jama'a ke aikin guda ɗaya. Injiniya ya ce, “Da mu ne, yanzu jirgi.” Mai Kwali ya ce, “Da ku ne da jirgi.” Shi ma ɗin ba ciniki yake ba. Masu hali sun koma saye ta intanet, marasa hali sun koma wasa a waya. Suka ci gaba da shan shayinsu, musun ya mutu ba tare da wani ya ci ba.

A wannan tsakanin ne muryar Baba ta fara dushewa. Muka ce mura ce. Ta ƙi tafiya. Likita ya ce maƙogwaron ne, ga shekara da shekaru yana shaƙar gam da ƙurar soso, sai an yi aiki. Aka yi, Allah ya sa aka dace, ya tashi. Amma muryar ba ta biyo shi gida ba. Abin da ya rage raɗa ce, sai ka kai kunne kusa da bakinsa. Ya bar wa ƙaninmu shagon, ya koma zama a ƙofar gida. Leɓɓansa na motsi yini guda. In ka lura za ka ga ana wasa, har ka gane lokacin da aka kusa raga, don girarsa kan ɗaga. Gidan ya yi wani irin shiru da ba mu saba da shi ba. Mama ta riƙa kunna rediyo tana kashewa, tana cewa duk ba su iya ba.

Ita ce ta ce wa Injiniya, ba tare da ta dube shi ba, “Abin nan naku na talabijin, yana nan?” Ya ce, “Yana nan, Mama.” Ya dawo gida ya jawo tsohuwar kwamfutar daga ƙarƙashin gado. Ta ƙi tashi. Ya ciro ma'ajiyarta ya kai wa wanda ya fi shi sani, aka ce ta mutu, ba abin da za a iya cirowa. Faya-fayan da ya ajiye a shago kuma yoyon rufi ya daɗe da lalata su. Duk safiyoyin nan na cikin soso, babu ko ɗaya a hannunmu.

Sai ya shiga nema a wurin waɗanda suka kwafa. Ya bi gidajen gem, yawancinsu sun rufe ko sun canza na'ura. Ya bi tsofaffin abokan rumfa, kowa ya ce ai da yana da shi. Wannan ya tura shi wurin wancan, har aka kwatanta masa wani mai tsofaffin kayan lantarki a bayan tashar mota, a garin nan da ƙanwar Baba take. Na bi shi, don na ga yadda abin ya dame shi.

Shagon kamar kogo. Matattun talabijin a jibge har rufi, kowace tana nuna mana fuskokinmu dishi-dishi. Mai shagon, wani mai ƙiba da tabarau a karan hanci, ya ji abin da muke nema ya ce, “Gem mai Baba? Kun zo inda ya dace. Amma fa da tsada.” Ya faɗi kuɗin.

Injiniya ya ce, “Kwafi fa? Ko sabo na asali bai kai haka ba.”

“Na asali ko'ina akwai shi. Wannan kuwa fita ka nemo ka gani. Waɗanda suka buga shi suna samari yanzu sun zama magidanta, suna zuwa nema, wani har idonsa ya kawo ruwa. Tsohon ma an ce ya rasu.”

Na ce, “Yana nan da ransa.”

Ya dube ni ta saman tabarau. “Haka kowa ke cewa, hajiya. Wani ma cewa ya yi kawunsa ne.”

Injiniya bai gaya masa shi ne ya haɗa gem ɗin ba. Ya yi ciniki kamar kowa, aka rage masa ɗan abin da ba a rasa ba, ya biya. Har da tsohuwar na'ura muka haɗo, don irinta kaɗai ke karɓarsa.

A falon su Mama muka haɗa, da yamma, tagogi a buɗe. Kwafin ya sha hannu. Wani ya ƙara masa kiɗa a farko, wani ya liƙa tallan shagonsa a allon filin, muryar kuma ta ɗan yi amo, kamar daga cikin wani babban ɗaki ake maganar. Akwai ma inda wani ya dasa tasa muryar yana kwaikwayo. Mama ta ce, “Wannan kuma wane ne? A cire shi.” Amma sauran duk Baba ne. Injiniya da ƙaninmu suka riƙe abin dannawa suna bugawa a hankali da gangan, su zubar da ƙwallo waje, su harba sama, su yi keta, don dai a ji kowace magana. Maƙwabta suka taru a taga. Mama na zaune da tiren shinkafa a cinya, ba ta tsince ko tsakuwa ɗaya ba.

Baba yana kujerarsa, ido a rufe. Wani lokaci leɓɓansa su riga talabijin, wani lokaci ya girgiza kai, alamar da yanzu ne ba haka zai faɗa ba. Da aka tashi wasa ya yafito ni, na kai kunne.

“Nawa ya saya?”

Na ce, “Baba, ya ce kar in faɗa.”

Ya dubi Injiniya, wanda ya sunkuyar da kai yana ta naɗe wayar da ba ta buƙatar naɗi. Ya sake jawo ni. “Ya fi sabo tsada?”

Na ce ya fi.

Kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake, ba sauti, hawaye na bin kumatunsa, yana nuna ƙirjinsa da yatsa yana duban Mama. Ta ce, “Na ji, na ji, ka yi tsada. Tashi ka sha maganinka.”

Na'urar a gidansu muka bar ta. Ƙaninmu ya nuna wa Mama cewa in aka kunna aka ajiye abin dannawar, ita da kanta za ta riƙa buga wa ɓangarorin biyu. Yanzu da safe, in ta ɗauki tsintsiya, sai ta kunna ta bar ta. Ba mai kallo. 'Yan wasan su yi ta gudu su kaɗai a falo, muryar ta bi ta labule ta fita har titi, inda Baba ke zaune a inuwa yana kallon masu wucewa. Wani lokaci wanda ya daɗe bai biyo layin ba yakan ja birki ya ce, “A'a, Baba, murya ta dawo?” Sai Baba ya gyaɗa kai, ya ɗora yatsa a baki, ya nuna masa benci ya zauna, don an kusa raga.